Jirgin da Tima Ta Ciyar

Litinin, 3 ga Janairu 2022
Yau mutum huɗu suka zo ƙauyenmu Matondoni neman jirgin ruwa na shaƙatawa. Shekara arba'in ina sassaƙa jirage babu mai ce mini komai sai Lali, yau ga masu otal suna cire takalmi suna kirana gwanin sassaƙa, "Fundi, Fundi". Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa littafina ba. Baƙi sun cika Lamu, kowa so yake a kai shi kallon faɗuwar rana a kan ruwa, ga katako ya yi ɓatan dabo. Na ce su dawo baɗi.

Asabar, 8 ga Janairu
Abokina Kombo bakinsa ba ya riƙe magana. Wajen shan gahawa ya fesa cewa ina da jirgi a bayan gida, saura ƙiris. Gaskiya ne, amma na matata Tima ne. Tun ina da baƙin gashi na ce zan sassaƙa mata nata, ta riƙa zuwa tsibirin Manda wurin 'yar'uwarta ba tare da roƙon kowa ba. Jirgi talatin da bakwai na yi wa mutane, nata kullum sai "bayan wannan". Shekara biyar ina tara katakon maɗacin nan falle-falle.

Juma'a, 14 ga Janairu
Bwana Gitonga, manajan wani otal a Shela, ya zo har gida. Mutumin kirki, ɗan Nairobi, jaki ya taka masa ƙafa ya ba jakin haƙuri. Ya shafa cikin jirgin, ya faɗi farashin da ya sa na nemi wurin zama. Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba, abin da ke damuna ke nan. Tima na saƙar tabarma a zaure, ta ji komai, ko kai ba ta ɗaga ba.

Lahadi, 16 ga Janairu
Shayin yau babu sukari. Na gane.

Alhamis, 20 ga Janairu
Na gama toshe kafofin katako da auduga da man kwakwa. Kai, jirgin nan ya yi kyau, ko ni na faɗa. Na gwada lallashi, na ce da kuɗin za mu yi rufin kwano, nata kuma in fara shi bayan azumi. Ta dube ni ta ce, "Baban Famau, da wane katako? Ko da wane baya?" Na tashi na tafi duba ƙusoshin da na riga na duba.

Alhamis, 27 ga Janairu
Gitonga ya dawo. Na ce Laraba ruwa zai cika sosai, ranar za a saukar da jirgi, bayan nan mu yi magana. Kombo ya tambaye shi akuya nawa zai kawo da buhun shinkafa, tunda gari ne zai ja jirgin, mai jirgi kuma shi ke ciyar da masu ja. Bawan Allah ya ce ba ya son wahalar da jama'a, zai turo jirgin inji da igiya, minti goma an gama. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Kombo ya ƙware da gahawa. Ni ma kunya ta kama ni a madadinsa, na kasa yi masa bayani.

Talata, 1 ga Fabrairu
Akuyar Tima ba ta nan a turke. Na tambaya, ta ce ta tafi unguwa.

Laraba, 2 ga Fabrairu
Ƙamshin pilau, dafa-dukar shinkafa da nama, ne ya tashe ni. Na leƙa, tukwane shida a ƙofar gida, matan unguwa na ta ɗaka kayan yaji, Tima ta ɗaura sabon zani tana ba da umarni. Kafin hantsi gari ya hallara. Liman ya yi addu'a, aka jera gumagumai a ƙarƙashin jirgi, aka kama igiya. Mai ba da waƙar ja ya ɗaga murya yana tambayar jirgin wa ake ja, mutum fiye da ɗari suka amsa: na Uwargida Tima!

Ni dai ina tsaye riƙe da guduma. Jirgi ya motsa, ya yi ƙara, ya gangara, ya zauna kan ruwa daram, ko ɗigo bai sha ba. Suka ɗauke ni, kamar yadda ake yi wa masassaƙi, suka jefa ni a ruwa da hulata.

Ina fitowa a jiƙe sai ga Gitonga da jirgin injinsa. Kafin in buɗe baki Tima ta tare shi da faranti.

"Bwana, sannu da zuwa. Zauna ka ci abincin jirgina."

Ya dubi farantin, ya dubi jama'a, ya dube ni. Na ce, "Ka ga, gari ya riga ya ci. Ba ni da ta cewa." Kombo ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ci faranti biyu, sannan ya tambayi Tima ko za ta ba otal haya. Ta ce Talata da Alhamis, sauran ranaku tana da wurin zuwa.

Na yi murna, wallahi na yi murna. Na kuma ji kunyar cewa sai da aka ƙwace mini kafin in cika alkawari.

Laraba, 9 ga Fabrairu
Wani daga Malindi ya bugo waya, ya ji labarin jirgin, zai ninka abin da Gitonga ya faɗa. Na ce ba nawa ba ne, mai shi kuma ba ta nan. Tana nan, a gabana take zaune, mun wuce tsakiyar mashigi, tana gyara mini yadda zan riƙe linzamin jirgin da ni na sassaƙa. Zuwanmu Manda na uku ke nan a mako guda. Na gaya wa Kombo toshin auduga nake dubawa.