Mariƙi Ɗaya Ya Tsira

Detroit, Janairu 1942

Zuwa ga matata Delphia,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ƙafar tata? Ni lafiya lau, tarin nan ma ya kusa sakina.

Raina dai a ɓace yake. Shekara uku a masana'antar nan ina goge mariƙin but ɗin mota har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Yanzu wai yaƙi na buƙatar ƙarfen da ake lulluɓe mariƙin da shi, an hana ƙyalli. Safayar taya ma sun cire, but ɗin wayam. Ran Litinin helimanmu, mai kula da aikinmu, ya miƙo min fenti ruwan toka, wai in shafe waɗanda na riga na goge.

Na ce, "Kwana huɗu fa na yi a kansu!"

Ya ce, "Kai ɗan ƙauye, in madubi kake so je kanti. Wata mai zuwa ma motar za a daina ƙerawa."

Kada Baba ya ji wannan, zai ce dama ya ce in zauna in noma taba.

Na shafe duka, sai guda da ya lotsa aka ce in jefar. Ga shi cikin ƙunshin nan. Ki kafa shi a ƙofar ɗakinmu, kuma don Allah kada kowa ya kusance shi da fenti.

Mijinki,
Hobart