Mijina ya ce wa baƙinsa ni sakatariyar aro ce

Assalamu alaikum admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, na kai matsayin da in maigidana ya fara magana sai in ji bakina yana son taɓewa, kuma na san wannan ba alheri ba ne a gidan aure.

A Kurudu muke zaune, yaranmu biyu. Shi likita ne, ni kuma kwamfuta na karanta, ina koyarwa a wata firamare. Lokacin korona yana cikin horon ƙwarewa a wani asibiti nan Abuja, sai ƙungiyarsu ta likitoci masu neman ƙwarewa ta ba shi shugabancin shirya taronsu, wanda baƙi za su zo daga ƙasashe da yawa. Har ɗinki ya kai kala uku, ya bi dangi yana sanarwa. Kwatsam aka rufe filin jirgi, aka ce ko a mayar da taron intanet ko a soke.

Mutumin da ko takarda zai liƙa a imel sai ya ƙwala min kira, shi ne ya ce musu ba matsala, zai iya. Ya dawo ya ajiye min laftof ya ce, "Maman Hanif, ɗan duba mana wannan, ƙaramin abu ne." Ƙaramin abin nan wata biyu ya cinye min. Ni na yi rajistar mutane, ni na tsara lokaci yadda na Indiya da na Kanada kowa zai samu shiga, ni na bi masu gabatar da takardu ɗaya bayan ɗaya ina gwada muryarsu da kamararsu, duka ta imel ɗin taron nake yi, sunansa a ƙasa. In sabis ya ƙi, in ɗauki kujera in koma bakin tankin ruwa a bayan gida, don nan kawai yake kamawa. Ban yi ƙorafi ba, mijina ne, kuma gaskiya a lokacin yana shan wahala da marasa lafiya.

Ranar taro ya sa na manna masa hoton wani falo irin na Maitama a bayansa, wai kada a ga labulenmu. Yana tsakiyar jawabi muryarsa ta ɗauke, na sunkuyo zan gyara, sai fuskata ta fito. Wata dattijuwar farfesa daga waje ta yi murmushi ta tambaya wace ce wannan. Ina tsaye a kansa ya ce mata da Turanci, "Sakatariya ce, ofis suka ara min." Wajen rufe taro ya gode wa kowa har da direban asibiti, sannan ya ce cikin sati biyu ya koya wa kansa wannan harka.

Da na yi masa magana, cewa ya yi girmansa zai zube in aka ji matarsa ce ta riƙe taron, wai kuma meye a ciki, danne-danne ne kawai. Na haɗiye. Ƙungiyarsu ta aiko masa da lambar yabo ya kafa a falo, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda ya ceto taro, ni kuma ina zuba musu lemo.

To watan jiya farfesar nan ta rubuto a tsohon imel ɗin taron, wanda har yau a wayata yake shiga. Ta ce za su fara koyar da likitoci ta intanet a ƙasashen Afirka, sakatariyar nan suke so ta riƙe musu, aiki sosai, daga gida. Ta ce sau biyu tana tambayar Dakta, ya ce yarinyar ta yi aure ta bar gari, amma shi zai karɓi aikin. Shi ne take tambaya ko akwai wanda ya san inda take.

Na nuna masa, wallahi ko kunya bai ji ba. Ya ce ai duk ɗaya ne, shi zai karɓa da sunansa ni in riƙa yi kamar da. Da na ce a'a, sai ya ce matar nan ce za ta rubuta masa takardar shaida ta ƙaro karatu a waje, in ta gane ya yi ƙarya shi ke nan ya rasa, kuma in na amsa saƙon ba da yawunsa ba. Hajiyata ta ce rufin asirin miji ya fi aiki. Na yarda, amma ni yanzu in ya gyara zama zai ba da labarin nan, ji nake kamar in miƙa masa laftof a gaban baƙin in ce bismillah Dakta, kunna mana.

Saƙon yana nan ban amsa ba, ban kuma goge ba. In rubuta mata in ce ni ce, kuma matarsa ce, ko me zai faru ya faru? Ko in koma bakin tanki in ci gaba da yi masa suna? Kuma ku da kuka daɗe a aure, in raini ya shiga zuciyar mace har haka, yana fita kuwa?