Shuɗin Gadon Walida

Daren Laraba, Kazaure

Yau ma a tabarma yaran suka kwanta, nan ɗakina. Tsohon gadon da na sayo musu a gwanjo yana can tsakar gida, ko kallonsa ba na son yi.

Na sha wahala a kansa. Na goge katakon har tafin hannuna ya sale, kafinta ya canza masa ƙafa ɗaya, na shafe shi da shuɗin fenti saboda shi autata Walida take so. Ko kusa ban tuna in kwarara ruwan zafi a mahaɗar katakon ba. Ashe kuɗin cizo ne maƙil a ciki, ni kuwa na yi musu kwalliya.

Shekaranjiya Walida ta tashi jikinta duk ya yi rudu-rudu. Babansu ya duba bayanta, ya juya ya fice. Da ma faɗa ya yi min.

Ɗazu ina bin katifarsu ina murtsuke kuɗin cizon, Walida ta tsaya tana susa, ta ce, "Umma, ba kin ce ba mu da kuɗin kashewa ba? Ga shi kina ta kashewa."

Dariya ta taso min, hawaye suka riga ta.