Rigar da Ka Bari a Bakin Kwazazzabo

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya a duk inda kake, don har yau ban san sunan garin ba. Na kira tsohuwar lambarka har na gaji. Na aika saƙo ta bakin mutum uku, ba wanda ya dawo da amsa. Shi ya sa na rubuta a nan shafina inda kowa zai gani, don na san kana leƙawa. Masu karatu su yi haƙuri, maganar cikin gida ce ta fito waje.

Wata biyar ke nan ina haɗiye wannan magana. Yau sai ka ji ta.

Ka san ni na kawo ka Riyad. Shekara shida ina tuƙi a gidan Abu Fahad a unguwar Nasiriyya kafin na buɗe baki na roƙe shi ya zama kafil ɗinka, wato mai tsaya maka, ya yi maka iƙama, takardar zama, a sunansa. Da ya tambaye ni halinka, na dafa ƙirji na ce uwa ɗaya uba ɗaya muke, in ka yi laifi ni na yi. Ka zo, aka ba ka ƙaramar mota da ban ruwan shuke-shuke, muna kwana ɗaki ɗaya a bakin ƙofa. Ban ce aikin da daɗi ba. Na san zafin rana, na san tsawar matar gidan, na riga ka shan su. Amma ba wanda ya taɓa hana ka albashi ko hutu.

Laifina na farko shi ne ba ka labari. Sau biyu suka tafi da ni hutun zafi duwatsun Ostiriya a Turai, don in riƙa tura keken guragu na tsohon gidan, mahaifin Abu Fahad, wanda duk muke ce wa Baba. Duk dawowata sai ka tsare ni da tambaya, ni kuma bakina ba ya gajiya. Na ba ka labarin akwatin gilas da ke rataye a jikin waya, yana ɗaukar mutane daga gindin dutse har ƙololuwa, kana kallon kan itatuwa a ƙarƙashin ƙafarka. Na gaya maka yadda na damƙi dusar ƙanƙara da hannuna a watan da kwalta ke narkewa a Riyad. Tafkin nan mai kore shar da ake hango duwatsun ƙasansa, da shanu masu ƙararrawa a wuya suna kiwo ba makiyayi, da ruwan da ke faɗowa daga kan dutse yana jiƙa mutum tun daga nesa, duk na zayyana maka. Har na ce maka Turawan can, tsofaffi tukuf, sai su ɗauki sanda biyu su wuni suna hawan dutse ba don sun ɓatar da komai a sama ba. Ka yi dariya ka ce ashe mu ma da muke hawa duwatsun Kazaure neman kanya muna yara, yawon buɗe ido muke yi ba mu sani ba.

Da tafiya ta uku ta zo, ni na je na ce a tafi da kai. Na ce ni na gani sau biyu, bari ƙanena shi ma ya ga ikon Allah. Mako biyu ina koya maka yadda ake ɗaga Baba daga keke ba a fama masa ƙugu ba, da lokutan maganinsa, da yadda yake son a lulluɓe masa gwiwa. Na kai ka kasuwa na zaɓa maka rigar sanyi mai kauri, ruwan toka. Ni na kai ku filin jirgi. Ka rungume ni ka ce, “Yaya, ba zan manta da wannan ba.” Ashe kai ka san abin da kake nufi.

Abin da ya faru a kan dutsen, daga bakin Baba na ji shi, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba. A kwana na tara kuka hau sama. Abu Fahad da iyalinsa suka bi hanyar ƙafa zuwa wajen ƙanƙara, aka bar ka da tsoho a dandalin da ake tsayawa kallo. Ka gyara masa bargo, ka ce za ka ɗan gangara ka ɗauko hoton kwarin da ke ƙasa, minti biyar. Hazo ya taso ya rufe wurin. Tsoho mai shekara tamanin, wanda ba ya iya juya kekensa da kansa, ya zauna cikin wannan sanyi yana kiran sunanka har muryarsa ta dushe. Wasu Turawa masu wucewa ne suka tura shi cikin rumfa.

Sannan aka tsinci rigarka da hularka a bakin kwazazzabo, a daidai inda hanya ta ƙuntace.

Sanusi, wannan ce ba ta wuce mini ba. Gudu dai, mutane na gudu. Na san waɗanda suka tsere daga gidan kafil a nan cikin garin, wasu ma ni na ba su wurin kwana. Da ka sulale kawai, da na ji haushi na haƙura. Amma ka tsaya, ka tuɓe riga, ka zaɓi wuri, ka ajiye ta yadda duk wanda ya gani zai ce faɗawa ka yi. Lokacin da kake ajiye ta, wa ka tuna? Ka san labarin ba a kan dutsen zai tsaya ba. Ka san zai sauko ya zo Riyad, ya wuce Kazaure, ya shiga ɗakin Inna.

Kwana biyu mutanen garin suna nemanka. Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta shawagi, aka zo da karnuka, maza suka ɗaura igiya a ƙugu suka sauka ramin da ko akuya ba za ta shiga ba. Mutanen da ba su san ka ba, ba addininku ɗaya ba, suka sa ransu a hannu saboda kai. Baba ya ƙi cin abinci, yana ta cewa shi ya bar ka ka tafi. Kai kuwa a lokacin, ina jin, kana cikin jirgin ƙasa kana kallon taga.

Ina wanke mota da hantsi Abu Fahad ya kira ni. Mutumin da bai taɓa sassauta mini murya ba ya ce in yi haƙuri, in zama namiji. Na zauna a kan bokiti. Daga nan ni na kira gida. Da bakina na gaya wa Inna, na ji faɗuwar wayar daga hannunta. Liman ya ce a dakata tunda ba a ga gawa ba, amma wa zai hana mutane zuwa gaisuwa? Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Matarka Hadiza ta cire 'yan kunne, ta daina sa kwalli. Jinin Inna ya hau har aka kwantar da ita kwana huɗu. A nan kuma 'yan uwa direbobi da masu aikin gini suka cika ɗakin wani abokina a unguwar Malaz, aka yi maka saukar Alƙur'ani. Wani dattijo ɗan Maraɗi da bai taɓa ganinka ba ya yi ta kuka don ya ga ina yi.

Kwana goma sha tara na yi ina cewa ni na kashe ka. A rana ta ashirin wani ya turo mini hoto. Ga ka nan tsaye a kan gada, wani farin dutse a bayanka, da sabuwar riga ja, ka ɗaga yatsa biyu kana murmushi. A ƙasa ka rubuta, “Wanda bai yi tafiya ba bai ga duniya ba.” Mutane suna ta sa maka albarka. Na kalli hoton nan har wayar ta mutu, ban san ko sujada zan yi ko jifa da ita ba. Na yi sujadar. Da na ɗago kuma, wallahi da kana gabana da sai an raba mu.

Ba ka tambaya ba, amma ga abin da ya biyo baya. Abu Fahad ya ce da ni aka ƙulla. Aka kira ni ofis aka yi ta juya mini tambaya ɗaya, aka bincike wayata. Ya karɓe makullin mota, ya ce in tattara kayana. Baba ne ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Wanda ya gudu ya gudu, wannan da ya tsaya me ya yi?” Shi ya sa ba a kore ni ƙasar ba. Amma zaman gidan ya ƙare. An mayar da iƙamata hannun wani mai shagon kayan gini, yanzu siminti nake kaiwa a akori-kura, ina kwana a Malaz mu biyar a ɗaki. Hutun da zan je in ga Inna ya bi ruwa. Kuma tun daga ranar, duk Bahaushen da ke aiki a layin gidan ana yi masa wani irin kallo. Akwai wanda aka fasa tafiya da shi Umara saboda kai.

Rigar da ka bari tana wurina, 'yan sandan can sun ba su Abu Fahad sun kawo. Ban sa ta ba ko da sanyin bana ya tsananta.

Na ga sauran hotunanka. Ka hau wannan, ka haye wancan, ka tsaya a bakin tafki. Amma ni na goya ka, na san fuskarka. Ka rame, Sanusi. Takalmin da ke ƙafarka a hoton farko shi ne a na ƙarshe. Na san irin sanyin ƙasar nan ko a lokacin zafinsu, balle yanzu. Ban san inda kake kwana ba, ban san ko kana da takarda ba, ban san wa zai ba ka ruwa in zazzaɓin nan naka ya tashi ba. Sai in tashi da niyyar tsine maka, in buɗe baki in ji addu'a ce ke fita. Wannan ma haushi yake ba ni.

Inna ba ta yi fushi ba, ko kuma ta ɓoye mini. Da na gaya mata kana raye, cewa ta yi, “To, Allah ya mayar mini da ɗana, sauran magana taku ce.” Kullum na kira sai ta tambaya ko ka kira ni, ni kuma na gaji da ce mata layin can ne ba kyau.

Ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba don wannan na rubuto ba. Hadiza ta sauka ranar Talata, an sami mace, duk suna lafiya. Kawu ya ce zai yi huɗuba ya zaɓi suna, Inna ta hana. Ta ce yarinya da ubanta a duniya, shi zai faɗa. Yau Juma'a. Saura kwana huɗu. Ba sai ka kira ni ba, ba sai ka ba ni haƙuri ba. Ka ari wayar wani ka kira Inna, ka faɗi suna ɗaya, ka kashe in ka ga dama.

Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya haɗa ka da masu tausayi, ya rufa maka asiri, ya shirye ka, ya sanyaya mini zuciya a kanka. Allah ya raya wannan yarinya, ya sa ta san muryar ubanta. Amin.

Yayanka,
Habibu
Malaz, Riyad