Ni Ka Ce A Kira

Zuwa ga Dogona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar zuciyata, uban Auta, wanda ko yana nesa numfashinsa nake saurare. Ina maka gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Yaya bayan naka? Kana cin abinci kuwa, ko har yanzu shayi kake kurɓa ka ce ka ƙoshi?

Abokinka mai faci ya rantse mini bai san inda kake ba. Amma da na ce ina da saƙo, sai ya goge hannu a wando ya miƙo. Wanda bai san inda mutum yake ba, me zai yi da saƙonsa? Don haka na san takardar nan za ta iso hannunka. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna ranar da aka kai ka sashen gaggawa? Farkonta ba za ka tuna ba, ni na gani. Ƙwayar da aka rubuta maka bayan ka faɗo daga rufin gini, wadda ƙashi ya warke amma ta ƙi sakinka, ita ta kwantar da kai a gado mai taya. Leɓɓanka sun yi toka, numfashinka sai an jira shi. Hannun nan da ya rufa wa gidajen mutane kwano yana reto a gefen gado kamar ba shi da mai shi. Suka fesa maka magani a hanci, ka zabura kana zagin kowa, har da ni. Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba!

Can sai wata ma'aikaciyar jinya, Sista mai bincike, ta ja koren labulen da ya kewaye gadonka, ta jawo kujera ta zauna daidai kanka. Ta ce suna gwada wata hanya ne: maimakon a farfaɗo da mutum a sallame shi da nasiha, sai a fara masa maganin da ke kwantar da ƙishin ƙwaya nan take, a ƙarƙashin harshe, sannan a riƙa bin sawunsa a ga ko zai ɗore. Ta ce ba dole. Ka ce ka yarda. Ta karɓi lambar wayarka, sannan ta ce tsarinsu ne kowa ya ba da ta wani, mutumin da ko duniya ta neme ka ta rasa, shi zai san inda kake.

Na sunkuyar da kai. A lokacin ai ko gaisuwa da ƙyar muke yi, ka sayar da zarto da guduma, ni kuma bakina bai bar ka ka huta ba. Na ɗauka yayanka za ka ambata. Sai na ji kana jero lambata, idonka a rufe, ba ka ko yi tuntuɓe ba. Ka ce, "Wannan ko rami na shiga, ta san ramin."

Dogo, ko ranar da ka fara cewa kana sona ban ji abin da na ji a wannan rana ba. Wace mace aka taɓa yi wa kirari irin wannan, a gaban nas, ana ƙara wa mijinta ruwa?

Sai kwanaki masu daɗi suka biyo baya. Kumatunka suka ciko, Auta ta koma hawa wuyanka, har ka hau ka toshe yoyon ɗakinmu, kai da ka gyara rufin kowa ka bar namu yana mana wanka. Daga nan ka zame, ka koma wa ƙwayar sau ɗaya. Na gani a idonka. Kunya ta hana ka komawa asibiti, ta hana ka kallona, ta kashe wayarka, ta fitar da kai daga gida. Mai faci ya ce kana cewa ka ɓata wa Sista aikinta, ka faɗi jarrabawa.

To yanzu ni ake kira, tunda ni ka ce a kira. Wayar na yin ƙara in ga lambar asibiti, sai in fara salati, don da wannan lambar ce za a gaya mini in an kawo gawarka. In ɗauka, in ji Sista tana gaishe ni a hankali, ta tambayi Auta, sannan ta ce, "Kin san inda yake?" Ni kuma in ce ban sani ba. Kowane "ban sani ba" sai na ji kamar na ƙaryata ka a bainar jama'a.

Maganin fesawar da suka ba ni yana cikin jakata, da shi nake zuwa kasuwa. Duk namijin da na gani kwance a tashar mota ko gindin gada, takalminsa nake fara dubawa. In na ji guduma a kan wani rufi sai in tsaya a tsakiyar titi kamar wadda aka kira. Ko Auta ta yi barcin rana, sai in tsinci yatsana a bakin hancinta. Ina tsoro, masoyina. Tsoro nake kwana da shi, da shi nake tashi.

Ga abin da Sista ta ce in gaya maka, ka ji shi da kunnen basira. Ba jarrabawa ba ce, ba wanda ya faɗi. Masu zamewa ma suna cikin abin da suke son ganewa, kuma kullum ka zo za a sake fara maka maganin, ba mai yi maka faɗa. Amma jikin da ya huta da ƙwaya ba ya iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da. Abin da jiya ya sa ka barci, yau zai iya hana ka tashi. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Sun kusa rufe binciken, kuma wanda aka nema aka rasa sai a rubuta ba a san inda yake ba. Na roƙe ta ta dakata. Ranar Litinin za ta sake kira.

Ba na cewa sai ka warke za ka dawo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka zo yadda kake, da ramarka da kunyarka. In gida ya yi maka nauyi, ka je wurin koren labulen. In shi ma ya gagara, ka gaya wa mai faci sunan ramin kawai, don in an tambaye ni ranar Litinin in ce na sani.

Taka har numfashina ya ƙare,
matarka, wadda ba za ta canja lamba ba, ba kuma za ta bari wayarta ta mutu ba.