Ina Isufu da Ya Ƙarasa Mana Filim?

Zuwa ga Mushe Darakta, mai gidan siniman unguwarmu, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina yi mana jajen wannan fari, Allah Ya kawo ƙarshensa. Sunana Abdu, tela ne ni ɗan Damagaram, kekena yana bakin kasuwar Piti Marshe. Sau uku ina zuwa biro ɗinka, wato ofis, ana ce mini ba ka nan, alhali motarka na ƙofa, shi ya sa na rubuto inda kowa zai karanta. Maganar abokina ce, Isufu shofer, direba ne mutumin Tawa, wanda yau kwana goma sha biyu ba a gan shi ba.

1. Ka san Isufu. Mu mutanen bencin gaba ba ma jin Faransanci, shi ke juya mana maganar filim zuwa Hausa da Zabarmanci. Ka kuma san al'adar gidanka: in filim ya tsinke, kafin mai inji ya liƙa, Isufu ke miƙewa ya ci gaba da labarin da baki, tunda yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, yawanci ya riga mu gani a can. Da bakinsa ka hana a karya maka benci ba sau ɗaya ba. Har tiken shiga ka daina karɓa a hannunsa.

2. Filim ɗin nan mai kashi uku, na matsafin sarkin da ya kulle gizagizai cikin tulu, ni da Isufu muka kalli na ɗaya da na biyu. Shekara guda muna jiran na uku. Zan gaya maka gaskiyar abin da na gani, don kada a ce ƙiyayya ta sa ni rubutu. Yaƙin bakin dutse ya ƙayatar da ni. Da aka nuna matan ƙauye suna tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, kuka na yi, don da idona na ga irinsa a hanyar Damagaram bara. Amma dodon da aka shekara biyu ana ba mu tsoro da shi, da ya fito sai ga shi kamar buhun gawayi, har ɗinkin bayansa na hango, kuma ɗinkin ɗan koyo ne. Na ji haushin kashe maharbiyar nan da ta ɗauki wahalar kashi na biyu duka, aka kawar da ita kamar an kori kaza. Duk da haka na yafe, ina jiran a buɗe tulu. Mutanen da suka wuto gawar shanu kafin su zo kallo, ruwa suke so su gani, ko da na bango ne.

3. Jarumin ya kashe matsafi, ya ɗaga murfi, ɗigo ya fara sauka, sai hoto ya yi tsalle, haske ya mutu. Muka ɗauka tsinkewa ce irin ta kullum. Aka hau kiran Isufu, ya miƙe bisa al'ada. Ya ce a Kwatano ya ga jarumin ya mayar da murfin, ya hau kujerar matsafin, ya ce talakawa ba su isa riƙe ruwa ba tukuna, ya zuba dakarunsa suna gadin tulu. Bai ƙara ko kalma ba. Sai aka kunna fitilu aka ce an tashi. Lokacin muka gane ba tsinkewa ya yi ba, almakashi aka sa masa. Ni tela ne, na san yanka in na gani.

4. A bakin ƙofa mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya kusa da kai. Mushe Darakta, ina bayan Isufu, na ga lokacin da ka nuna shi da haɓa. Suka sa shi a mota marar lamba, hularsa ta faɗi, tana wurina.

5. Ban ce jarumin nan ya yi kama da kowa ba. Isufu ma bai ce ba. Wanda ya yanke filim ɗin shi ya fara ganin kama, mu muna can muna dariyar dodo. Da ka aiko ka raɗa wa Isufu cewa yau ba a ƙarasawa, da ya zauna, mutum ne mai jin magana. Ka bar shi ya faɗa ramin da ka san da shi, sannan ka nuna shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma ina fushi da kai.

6. Matarsa Ramatu ta je duk inda ake zuwa, an ce ba a san da shi ba. Wani ya ce ya ga motar ta bi ta Gaweye, wani ya ce hanyar barikin sojan Tondibia ta nufa. A gidansa akwai surukansa da fari ya koro daga Tawa bayan dabbobinsu sun ƙare, duka a wuyansa suke. Mai kamyon ya riga ya ba wani makulli. Yanzu in na shiga kasuwa, waɗanda muka zauna benci ɗaya suna kau da kai, wasu ma cewa suke ba su je kallon ba. Ban ga laifinsu ba, kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Ga roƙona. Ka gaya wa Ramatu ko su wane ne mutanen nan da inda suka kai mijinta. Ka je da ƙafarka ka shaida musu cewa ƙarasa filim da baki al'adar gidanka ce, kai ka ɗora shi a kai, ba taro ya kira ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuma za ka sake yanke wani filim, ka rubuta a allon ƙofa, kada wani bawan Allah ya sake miƙewa.

Ina yi maka addu'ar Allah Ya tsare ka da iyalinka, kada Ya nuna wa matarka tsayuwar da Ramatu ke yi a ƙofofin mutane. Allah Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya saukar mana da ruwa mai albarka.

Na san masu farin kaya suna karatu. Ba sai ka wahalar da haɓarka ba, na rubuta sunana da wurin zamana da hannuna. Jiya na sallami duk ɗinkin mutane da ke wurina, na nuna wa matata wanda za ta sayar wa keken in ban dawo ba.

Wassalam.

Abdu Tela,
bakin Piti Marshe, Yamai.