Ƙanƙarar Bahaguwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Ga samfurin furotin ɗin nan na aiko a tulun sanyi. Tunda ke ce mai riƙe da babban madubin lantarki mai nuna abin da ido ba ya gani, ki lallaɓa min shi. Na sha wuya kafin ya yarda ya kwanta: ɗigo ɗaya a kan 'yar ragar da ba ta kai ƙwayar wake ba, in tsotse da takarda, in tsoma a sinadarin sanyi ya daskare ya zama ƙanƙara kafin ƙiftawar ido. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya ce in siffar furotin ɗin ba ta fito ba bana, in nemi aiki a wani wurin. Ki rufa min asiri.

Ƙanwarki,
Bahaguwa

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na duba ragogin duka. Ƙanƙarar ta yi kauri, ba a ganin komai, na zubar. Na sanar da Farfesa. Ki yi haƙuri, wani aikin zai zo.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya min gaisuwa. Jiya na je taron da kika yi jawabi, na zauna can baya, mu marasa aiki. Aka haska siffar furotin a bango ana ta tafi, har da ni, wawuya. Sai kika nuna hoton ragar, kika ce ke kika haɗa ta.

Yaya, da hagu nake riƙe hantsaki. Duk ragar da na tsoma, gefenta na hagu ne ke lanƙwashewa, ƙanƙarar ta taru can. Ke da kanki kike min dariyar wannan. A ɗakin gwajin nan kaf babu mai hannu irin nawa. Ashe ba a shara kika zubar ba, a ƙarƙashin sunanki kika zubar. Ranar da na kwashe kayana ke kika riƙe min kwali, har kina share min hawaye. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Ki huta lafiya.
Bahaguwa

Ƙanwata,

Da fatan kina lafiya. Ba zan musa ba. Ni ma kujerata rawa take a lokacin, ga yara, na ce ke yarinya ce, za ki samu wani. Yanzu masu tantance aikin sun ce a maimaita, na gwada ya ƙi. Ki zo ki haɗa min wasu, a gaba zan san yadda zan saka sunanki. Don Allah kada Umma ta ji, kin san hawan jininta.

Yayarki

Yaya,

Na gaishe ki. Umma ba za ta ji daga bakina ba. Farfesa kuwa ya ba ni lokaci jibi da safe. Na faɗa miki ne don ki riga ni shiga ofishinsa, ki faɗa masa gaskiya da bakinki. In na tarar kin riga ni, ina da sauran yaya.

Sai jibi.
Bahaguwa